Gulbin da ba ya cika ba ya haihuwa

A watan Maris na 2020, da aka farfaɗo da bikin kamun kifi na Argungu bayan kusan shekara goma ba a yi ba, giwan ruwan da ya ci gasa kilo 78 ya yi a kan sikeli. Hotonsa ya zaga duniya, mutane da yawa kuma suka ɗauke shi shaidar cewa gulbin Kabi yana nan da lafiyarsa. Sai dai a Matan Fada aka kamo kifin nan, wato ɗan yankin ruwan da al'ada ta hana a jefa masa homa duk shekara, sai ranar da aka buɗe shi a yi kamar awa guda ana su, a sake rufewa. Tun daga 1934 da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar da ta zama mafarin bikin, har zuwa 2016 da UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya, wannan kariyar ce take riƙe da shi. Abin da kilo 78 ya tabbatar shi ne ruwan da aka ƙyale ya huta yana raya manyan kifaye. Mai son sanin halin da sauran gulbin yake ciki sai ya leƙa daron mai sayar da kifi a Argungu ko Bunza ko Yauri ranar da babu kiɗa babu manyan baƙi. Zai ga karfasa kamar tafin hannun yaro, da tarwaɗar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba, da tulin ƙanana da ake aunawa da kwano.

In ka tambayi dalili, amsar da ta fi saurin fitowa ita ce mutane sun yi yawa, koma ta yi yawa. Gaskiya ne, zan kuma dawo kansa. Amma masu binciken gulabe sun shafe shekara hamsin suna nuna wani abu da ya riga yawan koma, wato shi kansa ruwan: yaushe yake zuwa, ina yake kaiwa, kwana nawa yake yi kafin ya janye.

Mafi yawan kifin da muke ci ba a tsakiyar gulbi ake haihuwarsa ba, a fadama ne. Idan ruwan Yuli da Agusta ya kankama, gulbi ya fara tashi ya tsallake gaɓa, sai ya kwanta a kan ƙasar da ta yi wata bakwai tana shan rana, cike da kashin shanun da suka yi kiwon rani da busasshiyar ciyawa da karan bara. Cikin 'yan kwanaki wannan tarkace ya jiƙe ya ruɓe, ruwan ya cika da ƙananan halittun da ido ba ya gani sai ya ƙura, su ne abincin farko na ɗan kifi. Tarwaɗa tana jiran wannan alamar. Da dare, bayan an yi ruwa mai ƙarfi, take kutsawa cikin ciyawar da ruwa ya shanye, inda zurfin bai kai gwiwa ba, ta zuba ƙwai mai danƙo ya manne a ganye, kwana ɗaya zuwa biyu ya ƙyanƙyashe. Bargi yakan share wani ɗan fili zagayayye a cikin ciyawa ya yi sheƙa ya tsaya gadi. Yauni nasa gidan a kan ruwa yake yawo, da ciyawa yake haɗa shi. Karfasa kuwa uwar ce take guntse ƙwan a baki har 'ya'yan su iya kansu. Duk wanda ya taɓa shiga gidan ƙyanƙyasar kifi ya san sai an yi wa tarwaɗa allura kafin ta saki ƙwai a cikin tanki, domin tanki ba ya cika ya tsallake gaɓa, jikinta bai ji kiran da yake jira ba.

'Ya'yan kifin nan suna bukatar wata biyu zuwa uku a cikin burugu da bado, suna ci suna ɓuya daga tsage da tsuntsaye. Sannan idan ruwa ya fara janyewa a hankali, su biyo shi su dawo gulbi da tafkuna da girman da za su iya jure rani. Tsofaffin Sarkawa sun daɗe da sanin cewa shekarar da ruwa ya daɗe a ciyawa, baɗi koma za ta yi nauyi. Wani masani na Hukumar Abinci da Noma ta Duniya, Robin Welcomme, ya tattara lissafin kamun kifi na gulaben Afirka a shekarun 1970, har da Neja, ya nuna cewa yawan abin da aka kama a shekara yana bin girman cikar ruwan shekara ɗaya ko biyu da suka wuce. A 1989 wasu masana uku, Junk da Bayley da Sparks, suka tsara maganar ta zama ginshiƙin ilimin manyan gulabe: cika da janyewa a kan lokaci su ne suke tafiyar da rayuwar gulbi, gulbi da fadamarsa kuma abu ɗaya ne, ba a raba su. Fari ya gwada wannan magana a Mali. A babbar fadamar Mopti, kamun kifi ya faɗi da fiye da rabi tsakanin ƙarshen shekarun 1960 da tsakiyar shekarun 1980, lokacin da ruwan ya daina kaiwa inda ya saba.

Mu kuma a nan, ban da farin 1973 da na 1984, da hannunmu muka rage cikar. An gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara a 1978, tana ɗaukar kimanin kubik mita miliyan 450. Abin da aka fi tunawa game da ita shi ne watan Afrilun 1980, da jami'an tsaro suka buɗe wa manoman da ke neman diyyar gonakinsu wuta, aka rasa rayuka masu yawa. Akwai wata asarar da ba ta yi ƙara ba, ita ce ta mutanen da ke ƙasa da madatsar. Wani mai bincike ɗan Ingila, William Adams, ya bi ƙauyukan kwarin ya wallafa abin da ya gani a 1985: cikar damina ta ragu a tsawo da faɗi da daɗewa, gonakin shinkafa sun koma na gero da dawa, noman rani na fadama ya ja baya saboda damshin ƙasa ya yi nisa, su ya lalace har masunta suka fara tafiya wasu ruwaye. Sai ga ta Goronyo a kan Rima, wadda aka gama a 1984, mai ɗaukar kubik mita miliyan 942. Waɗannan gulabe biyu su ne suke haɗuwa kusa da Sakkwato su gangaro ta Argungu da Birnin Kebbi. Ke nan ruwan da tarwaɗar Augie take jira, sai ya bi ta ƙofar da wani ma'aikaci yake buɗewa da rufewa a wata jiha.

Ba cewa nake yi madatsun nan ba su da amfani ba. Garin Sakkwato yana sha daga ruwan da Goronyo take saki, noman rani ya ciyar da gidaje da yawa. Abin da yake ci mini rai shi ne lissafin da aka yi tun farko, wanda ya ƙirga buhunan da za a samu a filin ban-ruwa, ya ɗauki ruwan da ke malala a fadama a matsayin asara. Da aka yi lissafin gaskiya a fadamar Haɗejiya da Nguru a farkon shekarun 1990, aka haɗa kifi da shinkafa da itace, masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun gano cewa ruwan da aka bari ya shiga fadama ya fi kawo amfani nesa ba kusa ba a kan irinsa da aka karkatar zuwa aikin ban-ruwa na Kogin Kano. Fadamar Rima ba ta bambanta da waccan a yadda take aiki ba.

Na san abin da manomin Kebbi zai ce a nan, kuma yana da gaskiyarsa. Wane irin rashin ruwa, alhali ambaliya ce take cinye mu? A Satumban 2010 ruwan Goronyo ya share ƙauyuka a Sakkwato da Kebbi. A 2020 hukumomin jihar sun ƙiyasta cewa kimanin hekta 450,000 na shinkafa ruwa ya shanye. Wanda ya ga gonarsa ta koma teku ba zai ji daɗin a ce masa gulbi yana bukatar cika ba.

Amma cikar da kifi yake so daban take da wannan. Ita tana tashi sannu a hankali cikin makonni, ta zauna, ta sauka sannu a hankali. Wadda muke gani yanzu kwana uku take yi ta kai rufin ɗaki, sau da yawa a ƙarshen damina bayan lokacin zuba ƙwai ya wuce, da ƙarfin da yake tumɓuke ciyawa da sheƙar bargi gaba ɗaya, sannan ta janye da sauri ta bar 'ya'yan kifi a ƙududdufan da za su ƙafe kafin sati biyu. Abubuwa uku ne suka haɗu. Na farko sama ce: wani bincike da aka wallafa a mujallar Nature a 2017, ƙarƙashin jagorancin Christopher Taylor, ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. Na biyu ƙasa ce: an sare itatuwa, an nome har bakin gaɓa, ruwan sama ba ya samun abin da zai riƙe shi ya nitse, sai ya kwaso yashi ya zuba a gulbi da cikin madatsa. Gulbin da yashi ya cike ba ya ɗaukar ruwa da damina, ba ya ajiye gurbi mai zurfi da rani. A farkon 2018 ruwan Goronyo ya sauka zuwa kusan kashi 10 cikin 100 na abin da aka gina ta ta ɗauka. Na uku shi ne yadda ake tafiyar da ƙofofin: mai kula da madatsa yana tsoron fari, sai ya riƙe ruwan farkon damina, wanda shi ne na haihuwar kifi, idan ta cika maƙil a Satumba ga kuma sabon hadari, ba shi da zaɓi sai ya saki da yawa a lokaci ɗaya. Masunci ya yi asara a Yuli, manomi ya yi asara a Satumba, kuma dalilinsu ɗaya ne.

Yauri labarinta ya ɗan bambanta. Neja a wannan yanki cika biyu take yi a shekara. Akwai farin ruwa mai laka na damina, wanda gulaben kusa suke kawowa, da baƙin ruwa mai garai-garai da yake isowa da hunturu, bayan ya taso daga duwatsun Gini ya yi watanni yana ratsa fadamar Mali. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, tafki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,300 ya shanye tsibirai da gonaki, aka tashi mutum fiye da 40,000, ciki har da Gungawan ƙasar Yauri. Shekarun farko kifi ya yi ambaliya, domin duk dajin da ruwa ya rufe ya zama taki: kamun ya kai kusan tan 28,000 a 1971. Kafin ƙarshen shekarun 1970 ya dawo ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu na wannan. Haka kusan kowane sabon tafki yake yi, amma masuntan da garaɓasar farko ta jawo ba su koma ba. Daga nan taru mai ƙananan idanu ya bazu, ana jan sa a gaɓa don warangi, yana haɗowa da 'ya'yan giwan ruwa da na karfasa. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke Sabuwar Busa ta daɗe tana nuna illar wannan. Ga kuma madatsar Kandaji da Jamhuriyar Nijar ta fara ginawa arewa da Tillaberi. Duk baƙin ruwan da zai iso Yauri ta nan zai biyo.

Sai shinkafa, wadda ita ce abin alfaharinmu yanzu, kuma da hujja. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a Kebbi a Nuwamban 2015, noman rani ya cika fadama, ƙarar injin ban-ruwa ba ta yankewa daga Janairu zuwa Mayu. Matsalar ita ce inda ake sa bakin tiyo. Tafkunan da ke saura a fadama da rani su ne mafakar iyayen kifin da za su haihu da damina. Idan aka zuƙe su, ko aka kwashe su tas da gidan sauro, an cinye irin shuka. Gaiwa kaɗai take da dabarar tsira, ta nitse cikin laka ta lulluɓe kanta da majina, ta yi watanni tana shaƙar iska ta ɗan rami tana rayuwa da naman jikinta har ruwa ya dawo. Sauran ba su da wannan baiwar.

Takin zamani da ya gangaro daga gona yana sa gansakuka ta cika ruwa ya koma kore. Da rana tana fitar da iskar oksijin, da dare tana shanye ta, shi ya sa da asuba ake ganin kifi ya taso sama yana haki. Zafi yana ƙara tsananta abin, domin litar ruwa mai zafin digiri 20 tana riƙe kusan miligiram 9 na oksijin, a digiri 30 kuwa kusan 7.5 ne, ga shi kifi ya fi bukatar iska a ruwan ɗumi. Tarwaɗa da bargi suna iya tasowa su shaƙi iska ta sama, giwan ruwa ba ya iyawa. Saboda haka a ruwan da ya gurɓata, sarkin Matan Fada ne yake fara ɓacewa. Akwai kuma masu zuba gamalin ko wani maganin ƙwari a gurbi su kwashi abin da ya taso. Wannan ba kamun kifi ba ne, kisa ne, kuma a cikin mutane gubar take ƙarewa. Haka ruwan wankin zinariya. Gubar dalma da ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a 2010 ta koya wa Zamfara darasi mai ɗaci, amma ruwan zaiba da ake kama zinariya da shi yana da tasa hanyar: yana taruwa a jikin ƙananan halittu, ya hau zuwa kifin da ya ci su, ya fi yawa a manyan masu farauta. Gulbin Zamfara da Gulbin Ka duk ta Kebbi suke bi.

Ba mu kaɗai ba ne. Rahoton asusun kare namun daji na WWF na 2024 ya ce yawan halittun ruwan daɗi da ake bibiya ya ragu da kashi 85 cikin 100 daga 1970 zuwa 2020, fiye da na tudu da na teku. Wani nazari da ya fito a Nature a Janairun 2025, wanda ya duba nau'i fiye da 23,000 na kifi da ƙaguwa da mazari da danginsu, ya ce kusan ɗaya cikin huɗu yana fuskantar ƙarewa.

Akwai wani fannin bincike da a ido ba abin da ya haɗa shi da gulbi, amma shi ne ya fi taimaka mini wajen bayyana wa matasa wannan magana, wato binciken yadda tsoka take ƙarfi. Kusan kowace unguwa a Birnin Kebbi ko Gusau akwai lungun da samari suke ɗaga ƙarfe: gwangwanayen fenti biyu cike da siminti, sandar ƙarfe a tsakani, bencin katako da aka ɗaure wa tsumma, da guntun madubi a jikin bango. Sabon shiga yakan zo safe da yamma kullum, yana ganin yawan wahala shi ne yawan ƙwanji. Bayan wata biyu kafaɗa ta fara ciwo, nauyin da yake ɗagawa ya tsaya cak. Tsohon hannu a wurin zai ce masa, "Ƙanena, je ka huta, ka ci abinci, jibi ka dawo." Bincike yana bayan tsohon hannun. Tun 1945 wani likitan sojan Amurka, Thomas DeLorme, ya nuna cewa sojojin da suka ji rauni sun fi saurin warkewa idan ana ƙara musu nauyi kaɗan-kaɗan a kan tsari. Daga baya aka gano cewa ɗaga nauyin umarni kawai yake ba jiki, ainihin ginin yana faruwa ne a kwana ɗaya zuwa biyu da suka biyo baya, lokacin barci da cin abinci. Ƙarfin makonnin farko ma yawanci jijiyoyi ne suke koyon tayar da tsokar, kaurin yana zuwa daga baya. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2020 ta ce babba ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako.

Rashin nauyin kuma ya fi yawansa illa. A wani gwaji da aka wallafa a 2007, dattawa masu lafiya da aka kwantar kwana 10 a gado sun rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafa. Akasin haka, a 1990 wata likita, Maria Fiatarone, ta sa tsofaffi goma masu shekara 86 zuwa 96 a wani gidan kula da tsofaffi a Boston suna ɗaga nauyi da ƙafa, cikin mako takwas ƙarfin waɗanda suka kammala ya ƙaru da kashi 174 cikin 100, tafiyarsu ta gyaru. Gulbi ma haka yake. Cika ita ce nauyinsa, watannin da ake ɗaga masa ƙafa su ne hutunsa. Wanda aka tsare a bayan madatsa yana tafiya da ruwa iri ɗaya rani da damina ya zama majinyacin da aka kwantar, wanda kuma ake jan taru a cikinsa dare da rana ya zama saurayin da ba ya barin benci. Abin ƙarfafa gwiwa a binciken tsofaffin nan shi ne jikin da aka yanke wa ƙauna ma yana amsawa idan aka dawo masa da tsarinsa.

Alaƙar ba ta tsaya a misali ba, ta kai har akushi. Wani nazari na 2018 da ya tattara gwaje-gwaje 49 ya nuna cewa mai ɗaga nauyi yana amfana da furotin har zuwa kusan giram 1.6 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Saurayi mai kilo 60 ke nan yana neman kusan giram 96. Giram 100 na ɗanyen kifi yana ba da 18 zuwa 20, banda kuma ta ninka haka saboda ruwan ya fita. A Nijeriya, ƙasar da kifi yake ba da kusan kashi 40 cikin 100 na furotin ɗin dabba da ake ci, wadda take bukatar kimanin tan miliyan 3.6 a shekara tana samar da kusan kashi ɗaya cikin uku, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ni ba samarin benci ne suka fi damuna ba. Tsohuwar da haƙoranta suka zube ce, wadda ba ta iya tauna nama ko da an saya, amma garin busasshen kifi a miyar kuka yana shiga. Tsoka tana zaizayewa da shekaru, idan kuma abincin gina jiki ya yi ƙaranci sai zaizayar ta yi sauri, har tashi daga tabarma bayan salla ya gagara. Sai shi kansa masuncin. Da kifi ya ja baya, tuƙin kwalekwalensa ya ƙaru, daren da yake kwana a ruwa ya ƙaru, mai kyan da ya kama kuma dole ya sayar ya biya bashin koma. Aiki ya ninka, ci ya ragu. Ƙwanjin da muke tafa wa a wasannin kabanci da tseren kwalekwale daga wannan gulbin aka gina shi.

Wasu suna cewa kiwon kifi zai cike gurbin. Zai taimaka, ban musa ba. Amma abincin kifi shi yake cinye mafi yawan jarin mai kiwo, tarwaɗar tanki kuma da kuɗi ake sayenta, ba kamar kurungun da yaro yake kamowa da ƙugiya a bayan gari ba. Kiwo kuma ba ya dawo da damshin fadama, ba ya fitar da burugun da shanu suke ci da rani.

An gwada mayar wa fadama ruwanta, an kuma ga sakamako. A arewacin Kamaru, madatsar Maga da aka gina a 1979 ta busar da babban yanki na fadamar Waza da Logon. A 1994 aka buɗe wata mashigar ruwa da aka toshe, cikin 'yan shekaru ciyawa mai ɗorewa ta dawo, kifi ya dawo, makiyaya suka dawo. A Kogin Senegal ma an yi shekaru ana sakin cika da gangan daga madatsar Manantali saboda manoman fadama da masunta. Hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima tana iya yin irin wannan ba tare da sabon gini ba: ta saki wani kaso na ruwan farkon damina a kan tsari, wanda zai tayar da haihuwar kifi, ya kuma bar wa madatsar sararin karɓar hadarin Satumba. Dole a sanar da ranakun ta rediyo tun kafin shuka, domin manomin da ya san iyakar inda ruwa zai kai ba zai zuba takinsa a can ba.

Hutun kamun kifi kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kabi, Matan Fada shaida ce. Sarkin Ruwa da Makwashe da sauran masu riƙe da ruwa sun san gurbin da iyayen kifi suke kwana da rani, sun san wanda ya shigo da gidan sauro ko gamalin, abin da ma'aikacin da ke zuwa daga hedikwata sau ɗaya a wata ba zai sani ba. Abin da ya raunana ikonsu shi ne mai laifi ya san zai iya tsallake su. Idan doka ta tsaya a bayansu, kowace gunduma ta ware tafki ɗaya ko biyu da ba a sa musu tiyo ba a jefa musu koma, ya fi a rubuta haramcin da ya shafi jiha gaba ɗaya wanda ba mai iya tsarewa. Sai dai duk wanda zai ce wa masunci ya rataye komarsa daga Yuli zuwa Satumba, ya fara amsa masa tambayar me yara za su ci, ya kuma zauna da dillalin da ya ba shi bashin komar, wanda ba ya sanin damina ko rani wajen karɓar kuɗinsa. Jihar da ta iya tsara rance ga dubban manoman shinkafa tana iya tsara tallafin wata uku ga masuntan da suka yi rajista da sarakunan ruwansu, a ɗaura shi da sharaɗin miƙa taru mai ƙananan idanu a karɓi wanda ɗan karfasa zai iya ratsawa ya fita.